Kwanon da Gogo Ta Ture

"Mi ne wanga?"

Gogo ta ɗaga faifan da aka rufe kwano da shi, ta leƙa, ta sake shi ya faɗi ƙasa.

Baturiya tana durƙushe a bakin tabarma, kai sunkuye.

"Kwaɗon zogale ne, Gogo... da dambun gero da wake. Ga zoɓo kuma, da citta."

Gogo ta kurɓi zoɓon, ta furzar.

"Ko sukari babu! Tun daga Gidan Rumji na sha rana bisa moto in zo ganin wadda Yahuzana ke so, sai a tarbe ni da haki? Akuya ce ni?"

Inna, mahaifiyar Baturiya, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Tun da safe ta ce a yanka zakara, a dafa shinkafa da maka, wato makaroni, mai ya kwanta a sama yadda ake yi wa babban baƙo. Baturiya ce ta nace a bar mata girkin.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ƙuruciya ce..."

"Rowa dai! Na gani, na gode."

Ta ture kwanon da ƙafa, ta ja mayafinta ta fice.

To, abin da Inna ba ta sani ba, Gogo tana da ciwon sukari. Ita ce ƙanwar mahaifin Yahuza, ita ta goya shi tun yana maraya, kuma ciwon nan ne ya ci ƙafar ɗan'uwanta kafin ya kai shi ƙasa. Ranar da likita ya faɗa mata, ta sa Yahuza ya ɗaukar mata alkawari ba zai gaya wa ko ƙuda ba. Ba ta son a riƙa kallonta kamar wadda ta kusa tafiya.

Shi kuwa so ya kai shi ya ɓaro zancen. Ya san aikin Baturiya ke nan, koya wa mata girkin lafiya a gidan likita na Gidan Sori, sai ya gaya mata yana roƙonta ta lallaɓa masa Gogonsa.

Bayan la'asar salular Baturiya ta yi ƙara. Yahuza ne yake kira daga Cadawa, inda yake koyarwa a lakol, makarantar boko.

"Batu..."

"Na'am, Malam."

"Gogo ta ce in na sake taka Gidan Sori ba ita ba ni."

Hawaye suka zubo mata, ta danne bakinta da gefen ɗankwali.

"Zan gaya mata gaskiya, Batu. In ce ni na faɗa miki, don ita kika yi."

"A'a! Don girman Allah kada ka yi. Alkawari ka karya, in ta ji ba za ta ƙara yarda da kai ba. Ita ce uwarka, ita ce ubanka."

"Ke fa, sanyin idona? Ke mece ce?"

"Ni... ni zan jira."

Ta kashe wayar kafin kuka ya ƙwace mata.

Jira kuwa ta yi, irin wanda ke sa mutum ya rame yana ci. Inna ta yi faɗan, ta yi lallashin, ta tambaye ta har sau nawa dalilin wannan abin kunya. Baturiya sai dai ta ce kuskure ne.

Damina ta yi tsakiya, rama da tafasa suka cika bayan gari. Baturiya ta tara matan gari a gindin dalbejiya tana nuna musu yadda za a tafasa rama sau ɗaya a zubar da ruwan tsamin, a daka ƙuli-ƙuli da albasa a kwaɗa. Bakinta na bayani, zuciyarta na Cadawa. Shi dai ya ci abinci yau? Ta san halinsa, in ransa ya ɓaci shayi da burodi ne safe da yamma.

Kaka ta shigo da sabon gero da wake da gujiya. Ta dafa faten kabewa da yakuwa, ta zuba, sai ta ga kwano biyu a gabanta. Ta daɗe tana kallon na biyun kafin ta mayar da shi cikin tukunya.

A kasuwar Gidan Rumji ta haɗu da Hafsat, 'yar maƙwabtan Gogo, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Yahuza. Ita ce ta bi gidajen unguwa da labarin zogalen, ta ƙara masa gishiri har da cewa wai Baturiya ta ce tsohuwa ba ta kai a yanka mata kaza ba.

"A'a, mai ganye! Ina gajiya?" Hafsat ta ɗaga leda cike da lemun kwalba da fanke. "Na Gogo ne. Kullum sai na kai mata, mu a gidanmu ba a san rowa ba."

Baturiya ta ƙura wa ledar ido. Kishin ma bai samu wurin zama ba, tsoro ya riga shi.

"Hafsat, don Allah ki rage mata zaƙi. Tsufa..."

"Ji baƙin ciki! Ke ba ki bayar ba, mai bayarwa ma kin hana?"

Kalma ɗaya ce ta rage a bakin Baturiya, da ta faɗe ta da an wuce wurin. Amma sirrin ba nata ba ne. Ta hau amalanken komawa gida tana kuka, ta tura wa Yahuza saƙo, na farko cikin wata huɗu: "Ka kula da abin da Gogo ke ci."

Amsa ta zo nan take: "Na yi magana ta ƙi ji. Batu, ina kewarki kamar in mutu."

Ta karanta ya fi sau ashirin, ba ta amsa ba.

Sanyi ya zo, lambuna suka yi kore shar da salati da tumatir da karoti. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhassan, ya aiko yana neman izinin zuwa zance. Mutum ne mai kirki, Inna har ta fara murna.

"Baturiya, ba a zama jiran wanda aka hana. Ki duba kanki a madubi."

"Inna, in na ce masa to, na cuce shi. Babu wuri a zuciyata."

Sai da bazara ta kama, mangwaro ya fara nuna, wata Laraba da hantsi tana shanya zogale a inuwar rumbu ta ji sallama.

Da ƙyar ta gane ta. Gogo ce, ta zube ta yi baƙi, tana dogara sanda.

"Kira mini uwarki. Da matan gidanga duka."

Aka shimfiɗa tabarma, mata suka taru har da maƙwabta. Baturiya ta raɓe jikin bango.

"Kwanana goma sha biyu kwance gidan likita a Maraɗi," in ji Gogo. "Da za a sallame ni, likita ya lissafa mini abin da zan ci in ina son ƙafafuna. Wake, zogale, gero da dusarshi, zoɓo ba sukari. Yana faɗi ina ganin kwanon da na ture. Na dubi Yahuza na ce, ka gaya mata ko? Sai ya duƙar da kai."

Ta juyo ta zuba wa Baturiya ido.

"Ashe kin sani, ɗiyata. Na ci mutuncinki gaban uwarki, anka yi ta yawo da sunanki cikin gari, kalma guda za ki faɗa ki wanke kanki... kinka yi shiru wata tara?"

"Ba sirrina ba ne, Gogo."

Tsohuwar ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga murya.

"To ku ji da bakina. Ciwon sukari gare ni! Shekara ukku ina ɓoyo, kuma ɓoyon ya kusa kashe ni, ya raba ɗana da mace ta gari. Ku yafe mini. Ranar Juma'a magabatanshi na nan tafe da goro."

Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Inna ta rungume 'yarta tana kuka tana dungure mata kai.

"Tashi, ja'ira," Gogo ta ce. "Yahuza na zaure, ya kasa zama."

Baturiya ta tashi kamar a mafarki. Yana tsaye jikin ƙofa, rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa jajur.

"Batu..."

Ta ɗago ido ta dube shi.

"Na ji an ce wani ya aiko. Ban yi barci ba tun ranar. Ki gaya mini gaskiya, masoyiyata... na makara?"

Ta girgiza kai, dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda.

"Na ce maka zan jira, Malam. Da shekara tara ka yi, a nan za ka same ni."