Rigar Da Auta Ta Farke

Auta na durƙushe a tsakar falo, fil uku a bakinta, ta baje yankunan rigar a ƙasa tana zana siffarsu da alli. Riga ce mai shekara talatin, ruwan zuma, mai faffaɗan hannu da tsayayyen wuya. Da ita Hajiya, mahaifiyar saurayinta, take hawa dandamali a zamanin da muryarta ke cika gidajen rediyo. Shi saurayin, Mai Hoto, shi ya zaro ta daga akwati a ɓoye, don Auta ta ɗauki salon ta ɗinka wa ƴan matan yanzu. Ita kuwa Auta ba ta iya koyon yanka da ido ba, sai ta farke ɗinkin kaf. Saura wata guda ɗaurin aurensu.

Ƙofa ta daki bango. Yaya Babba ne, wan Mai Hoto, mutumin da hannunsa ke riga bakinsa magana.

"Ke! Rigar uwarmu kika yi wa gunduwa-gunduwa?"

"Yaya, wallahi siffar yankanta kawai nake cirewa, zan mayar—"

Tas! Marin ya watsar da fil ɗin bakinta. Ya sa ƙafa ya ture keken ɗinki, ya fizgi almakashin da ke hannunta, bakin ya tsaga mata tafin hannu. Jini ya ɗiga a kan hannun rigar. Mai Hoto ya faɗo a guje ya shiga tsakani.

"Ni na ɗauko, Yaya! Ni za ka daka!"

Bai musa ba kuwa. Dutsen guga ya sura ya sauke masa a goshi, Mai Hoto ya zube jikin kujera. Sai da maƙwabta uku suka taru kafin aka fitar da Yaya Babba yana huci.

Da yamma saƙon Hajiya ya iso: an fasa auren. Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe, don tana son Mai Hoto, so na gaske. Umma, mahaifiyarta, ta ce a kai ƙarar Yaya Babba. Auta ta girgiza kai.

"Umma, ya zalunce ni, amma ni ma ban nemi izini ba."

Kwana goma sha ɗaya ta yi tana mayar da rigar da allurar hannu, bandeji a tafinta, kowane sukan allura sai ta cije leɓe. Inda jini ya ɓata ta yanke, ta sa leshi. Ta ƙara faɗi a gefe, ta sauko da tsawon zuwa ƙasa yadda ake yayi yanzu.

Ta sami Hajiya a falonta, Mai Hoto na raɓe da filasta a goshi, Yaya Babba na tsaye yana muzurai. Ta durƙusa ta miƙa.

"Mama, ki yafe min."

Hajiya ta juya rigar, ta taɓe baki. "Wa ya ce ki ƙara mata faɗi? Ce miki aka yi na yi ƙiba?"

Duk da haka ta shige ɗaki da ita. Can sai ga ta ta fito sanye da ita. Rigar da rabonta da shiga jikinta shekara ashirin ke nan ta zauna ɗas. Hajiya ta tsaya gaban madubi, hawaye na bin kuncinta. Ta kama hannun Auta, ta daɗe tana kallon tabon.

"Babba, zo nan. Durƙusa ka ba matar ƙaninka haƙuri."

Gwiwar da ba ta taɓa lanƙwashewa ba ta kai ƙasa. Wanda ya yi laifi ya amsa, ya gyara da haƙuri, ya fi mai gaskiyar da ya ɗaga hannu. Ranar bikin, da wannan rigar Hajiya ta karɓi amaryar ɗanta.