Huda a Tsakiyar Darduma

Rana ta kusa faɗuwa Gwaggo ta tuna ta baro maganin ciwon bayanta a shago. Ta tsaya a bakin titi ta ja tsaki. Komawa wahala ce, kwana babu magani ya fi wahala. Ta juya tana jan ƙafa.

Shekara talatin da ɗoriya tana gyaran tsofaffin dardumai na saƙar hannu, yaro da babba Gwaggo suke ce mata. Aikin ya ci idonta, ya lanƙwasa mata baya. Dardumar ƙarshen nan kuwa ita ta fi gajiyar da ita. Wani ma'aikacin banki ne ya kawo ta, gadon kakarsa ce, yana son sayarwa. Gwaggo ta kifa ta, ta bi ƙulle-ƙullen baya da babban yatsa, ta goga farin ƙyalle mai danshi, rini bai zuba ba. Ta ce masa saƙar ta haura shekara ɗari, ba don hudar da ke tsakiyarta ba da ta yi tsadar gaske.

"To ki toshe ta mana, Gwaggo."

Tun ranar hudar ba ta kwanta mata a rai ba. Cin asu yakan bar gari, ƙuna takan bar baƙi. Wannan kuwa faɗin tafin hannu ce, an daje bakinta tsaf, kamar da gangan masaƙiyar ta bar ta. Amma gajiyayye ba ya son dogon tunani. Kwana tara tana kafa zare tana ƙulla ulu, sai yau da la'asar ta ja ƙullin ƙarshe.

Ta buɗe kwaɗon ta tura ƙofa. Ta danna makunni, babu wuta. Ɗan sauran hasken rana ne kawai a jikin bango. Shagon da ya saba ƙamshin ulu da sabulu, yau warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake, kamar bakin rijiya.

Ga maganin can a kan teburi. Ta miƙa hannu ke nan sai ta ji.

Ƙyas. Ƙyas.

Kamar ana tsinkar zare da farce.

"Ɓeran banza," ta ce, don in ya ci aikin nan ya gama da ita. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara, ta ɗora tafi a kan gyaran.

Wurin sanyi ƙalau. Yana ɗagawa yana sauka, kamar ƙirjin mai barci.

Ta yi niyyar janye hannu. Ya ƙi. Zare ya naɗe mata yatsu uku.

"Baiwar Allah."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin dardumar. Babu faɗa a cikinta. Muryar wadda ta gaji ce.

"Tun la'asar nake tsinka. Ɗinkinki ƙarfi gare shi."

Gwaggo ta ce, "Wace ce?"

"Kin rufe mana ƙofa. Ɗana yana waje."

Sai a lokacin ta ji ɗayan sautin. A bayanta, tsakanin naɗaɗɗun dardumai, wani ƙaramin abu yana ajiyar zuciya, irin ta yaron da ya yi kuka har ya gaji.

Ba ta waiwaya ba.

"In rana ta faɗi bai shigo ba," muryar ta ce, "ba na kwana ni kaɗai."

Hannun ya nutse cikin saƙar har wuyansa. Wasu yatsu masu sanyi suka riƙe nata daga ƙasa.

Hasken bango ya rage bai fi kamu ɗaya ba.

Ƙaramin almakashinta yana rataye a wuyanta. Ta lalubo shi da hagu. Addu'a ta ƙi zuwa, sai sunan Allah kawai take maimaitawa. Ta soka. Ta yanka.

Aikin kwana tara. Ta yanka.

Hannun ya nutse har gwiwa.

Zare na ƙarshe ya tsinke.

Wasu 'yan ƙafafu masu danshi suka taka ƙwaurinta, suka hau cinyarta. Nauyin ɗan yaye. Warin hayaƙi da nono. Abin ya zame ta gefen hannunta ya shige cikin hudar.

Aka sake ta.

"Sannu da aiki," muryar ta ce, daga nesa yanzu. "Je ki huta."

Da rarrafe ta fita. Mai gyaran takalma na kusa da ita ne ya tsince ta a bakin ƙofa, ya rufe mata shagon, ya kai ta gida.

Yatsun nan uku ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba. Da ma'aikacin bankin ya zo ya ga huda tana nan, ta gaya masa gaskiya. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya kama Gwaggo. Ya kai dardumar wurin wani mai gyara a bayan kasuwa, wanda ya liƙe hudar da gam a yini ɗaya.

Washegari da la'asar tana zaune a ƙofar gida, sai ga mai gyaran bayan kasuwar nan, magidanci da furfurarsa, ya durƙusa gabanta. Idanunsa jajur, hannunsa na dama naɗe cikin tsumma.

"Gwaggo, yaya kika yi?"

Ta dubi inuwar katanga, rana ta fara sauka. Ta cire almakashin daga wuyanta ta ajiye a gabansa.

"Gam ba ya yankuwa da sauri," ta ce. "Tashi ka yi gudu."