Godiyar da Ta Maƙale wa Mzee Kisembo

Wake ne ya haɗa su, kuma da faɗa suka fara.

Kajumba ta hau tudun bayan gidansu da safe don ta tsinko ganyen kabewa, sai ta tarar da Turawa tsaye a tsakiyar gonar waken uwarta, kowa da sandarsa, suna ta ɗaukar hoto. Gajimare ne ya yaye daga kan Rwenzori, ƙanƙarar tsaunin ta fito fes, tafkin Nyabikere kuma yana kwance can ƙasa kore shar. Mu da muka tashi a nan ko kai ba ma ɗagawa don wannan, amma baƙo in ya gani sai ya manta yana da ƙafa.

"Wane marar hankali ne ya kawo waɗannan?" in ji ta da ƙarfi.

Wani saurayi gajere mai faɗin kafaɗa, sanye da dogon takalmin roba, ya juyo. "Ga marar hankalin nan."

"To kwashe shanunka daga gonar uwata!"

"'Yar'uwa, hanya ce nan tun kafin a haife ki."

"Hanya tana can gefen ayaba. Ko a dutsenku wake kuke takawa ku ce hanya?"

Daga jin harshensa ta gane ɗan Bakonzo ne, mutanen kan tsauni, shi ma kuma ya gane inda ta dosa. Ya sha mur, ya tattara baƙinsa ya wuce.

Washegari ta same shi a gonar shi kaɗai, ya ɗauko damin sanduna yana tayar da waken da aka kwantar. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Wannan sandar a karkace take."

"Haka bakinki yake, amma ai yana aiki."

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Sunansa Masereka, aikinsa yi wa masu yawon tsauni jagora, wani lokaci har can sama inda sanyi ke fasa leɓe. Daga ranar, duk sanda ya biyo da baƙi ta bakin tafkin, sai a ga Kajumba ta tuna akwai abin da ta bari a gona.

Ya riƙa turo mata saƙo daga kan dutse duk inda waya ta kama: "Mai wake, yau na kwana sama da gajimare. Da kina nan da kin yi masa faɗa ya matsa."

Ita kuma ta mayar: "Ka sauko lafiya, gajerena. In ka karya ƙafa ni zan ƙarasa ɗayar."

A nan Toro kowa yana da sunan girma bayan na yanka, empako muke ce masa. Ba su da yawa, su ne dai ake ta juyawa a gida-gida. Da shi ake gaisuwa, da shi ake lallashi, kuma godiyar da ba a haɗa da shi ba, ba godiya ba ce. Na Kajumba Abwooli, na uwarta Atwooki, na ubanta Mzee Kisembo, wato dattijo Kisembo, kuwa Araali. Baƙo in ya shigo ba shi da nasa, mai gida ne ke raɗa masa. Mzee Kisembo ya yi suna a wannan, ko Baturen da ya tsaya roƙon ruwa sai ya tafi da nasa.

Ranar da Masereka ya zo gaishe shi, dattijon yana zaune a gindin fiya. Kajumba ta fito da ɗan kwandon busasshen kofi da ake miƙa wa baƙo ya tauna. Uban ya dubi takalmin robar, ya dubi saurayin, sannan ya yi wa 'yarsa alama da hannu ta mayar da kwandon.

"Kai, ɗan dutse, ɓata hanya ka yi?"

Bai tambaye shi empako ba, bai kuma ba shi ba. Masereka ya tsaya ɗan jim, ya ce a huta lafiya, ya fita ƙeyarsa a miƙe.

Kajumba ta dire kwandon har kofin ya watse. "Baba, karen gidan nan ma da sunansa kake kiransa!"

"Karen gidan nan bai ƙona rumbun ubana ba. Ina yaro lokacin rikicin dutse, da idona na ga mutanensu sun sauko da wuta."

"Shi ne ya kunna? Ko uwarsa ba a haifa ba a lokacin!"

"Ki rufe min baki. Muddin ina numfashi, wannan yaron ba zai ji sunan girma daga bakina ba, balle ya ji na ce na ba shi ke."

Ta shige ɗaki tana huci, ta ɗauki waya ta rubuta abin da ta zaci zai sanyaya masa rai: "Ka yi haƙuri da Baba. In shi ya hana ka suna, ni na ba ka. Daga yau kai ne Acaali nawa, ni kaɗai."

Amsar da ta zo ba ita ta zata ba. "Ina da suna, uwata ta ba ni. Kakana bulala ya sha a makaranta don ya ƙi amsa irin sunan nan naku. Auren ki na zo nema, ban zo barar suna ba."

Sai da ta karanta sau biyu. Ta rubuta: "Zuciyata na naɗe a cikin sunan nan, ka wurgo min ita a fuska. To riƙe naka, ka kwana da shi." Ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta, na takaici, don ta rasa wanda ya fi ba ta haushi tsakanin shi da uban.

Ana cikin haka Businge ya samu ƙofa. Shi ne mai masaukin baƙi a ƙetaren tafkin, ɗan Toro gaba da baya, mai farin takalmi da zaƙin baki. Ya daɗe yana son Kajumba, ya kuma daɗe yana jin haushin baƙin da ke bi ta tudun Kisembo maimakon ta ƙofarsa. Ya zo da waya mai ƙaya naɗi-naɗi a bayan mota.

"Araali, babana, me zai sa 'yan dutse su riƙa ratsa maka gona kamar kasuwa? Ka rufe, ni zan kawo masu aiki."

Mzee Kisembo ya ji daɗi har da miƙa masa kofi da hannunsa. Aka ja waya aka datse hanyar bakin tudun gaba ɗaya. Matan ƙauye da ke bi ta nan zuwa ɗiban ruwa suka yi ta tsine-tsine. Atwooki ta ce wa mijinta, "Ka rufe wa yaro hanya, ka rufe wa shanunka. Yanzu ta ina za ka kai su shan ruwa, da wannan gwiwar taka?"

"Ta gangare. Ni ba tsoho ba ne."

Ta gangaren kuwa ya riƙa bi, wata 'yar siririyar hanya da ko awaki ke tunani kafin su taka. Damina ta kankama. Wata rana da hantsi bayan an ɗauke ruwa, shanun suka dawo gida su kaɗai.

Kajumba ta ruga. Ta hango shi can ƙasa kusa da ruwa, ya rungume saiwar ɓaure, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Businge ya iso da gudu jin ihunta, ya leƙa gangaren, ya dubi taɓon, ya ciro waya ya shiga kiran mutane yana kai da komowa.

"Apuuli, sauka za ka yi ko waya za ta ɗauko shi?" ta daka masa tsawa da sunan girmansa.

"Abwooli, ki kwantar da hankali, ina shirya komai."

Ta juya masa baya ta rubuta wa wanda ta rantse ba za ta sake rubuta wa ba: "Baba ya faɗa gangaren tafki. Ba don ni ba. Ka zo."

Masereka yana can wani tudun da baƙi. Ya bar su da abokin aikinsa ya taho. Ko kallonta bai yi ba. Ya yanko ɓawon bishiyar ayaba ya murɗa igiya irin wadda suke ɗaukar kaya da ita a goshi, ya sulale gangaren, ya ɗaure ƙafar da sanduna, ya goya dattijon.

Tun daga ƙasa ake jin muryar Mzee Kisembo. "Sauke ni! Wa ya ce ka taɓa ni?"

"'Yarka, kuma ita ma ba ma magana."

"Na ce ka sauke ni!"

"In na sauke ka kwaɗi za su yi biki. Riƙe wuyana, Mzee, ba shaƙe ni na ce ka yi ba."

Haka suka hau suna cacar baki, taɓo har gwiwa, jijiyoyin wuyan Masereka sun fito raɗa-raɗa. Da suka iso sama sai ga waya mai ƙaya tsakaninsu da gida. Masereka ya tsaya yana haki.

"Mzee, ga wayarka. In zagaya da kai ta bayan ƙauye ne?"

Dattijon ya dubi wayar, zafin ƙafa na cinsa. Can ya ce, "Kajumba, ɗauko adda ki sare min turakun nan."

Businge ya ce, "Haba Araali, sabuwar waya ce fa."

"Ka naɗe abarka ka tafi da ita, kai da takalminka!"

An ɗaure ƙafa a asibitin Fort Portal, an dawo da shi gida. Sai dai wani ciwon ya taso da likita bai gani ba. Mzee Kisembo ya daina cin tuwon gero, ya daina barci, kowa ya gifta sai ya sha faɗa. Shayi ya yi zafi, shayi ya yi sanyi, kaji sun cika kuka. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa kwana da godiyar wani a bakinsa ba, ga shi an goyo shi kamar jariri, kuma babu sunan da zai gode da shi.

Atwooki ta gaji. "Ba ƙafa ke damunka ba, Araali. Godiya ce ta maƙale maka a wuya, kuma za ta kashe ka ta bar ni da shanu. Ka aika a kira yaron nan."

Masereka ya zo, ya tsaya a gindin fiyar bai zauna ba. Kajumba tana bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta kawar da kai.

Dattijon ya gyara murya. "Na yanke shawara zan ba ka sunan girma."

"Ba na so."

"Ba ka me?" Ya rarumi sandarsa ya buga a ƙasa. "To ta yaya zan gode maka, ɗan taurin kai? So kake in mutu da ita a ciki?"

"Ka ce Masereka. Ba ya cizo."

"Wannan ai kowane ɗan dutse na ji ana kiransa haka. Me yake nufi ma?"

"Namiji na uku a ɗakin uwarsa. Duk wanda ya zo na uku, sunansa ke nan."

Mzee Kisembo ya zaro ido. Atwooki ta toshe bakinta da gefen zane tana dariya, don duk ƙauyen an san maza biyu ne a gaban mijinta.

"Kana nufin da a dutsenku aka haife ni..."

"Da Masereka kake, Mzee."

Dattijon ya daɗe yana kallon tsaunin. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. "To na karɓi naka, tunda dama nawa ne. Kai kuma ka karɓi nawa, ba wani ba, nawa na kaina. Ba sadaka na yi maka ba, musaya muka yi. Ko ita ma kakanka ya hana?"

Masereka ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa a gaban dattijon.

"Na gode, Araali," in ji Mzee Kisembo, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ba komai, Masereka."

"Atwooki, ina tuwon nan? Ke kuma Kajumba, kin tsaya kamar turke, ina kofin baƙo?"

Ta kawo kwandon ta durƙusa, har yanzu fuska a ɗaure. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Na Baba ka karɓa, nawa ka wurgar."

"Na yi kuskure, mai wake. Zafin da ubanki ya ƙunsa min ne na juye miki. Ke ce 'yar fari, ko? A wurinmu Masika kike. Ki karɓa mu yi musaya, ki ci gaba da kirana da wancan in muna mu biyu."

"Zan yi tunani, gajere," ta ce, amma ta zaɓo masa ƙwayar kofi mafi girma.

Bayan an girbe wake aka yi bikin. Mutanen Masereka suka sauko daga dutse da awaki da tuwon rogo, suka biyo ta hanyar bakin tudun da aka buɗe, aka tarbe su da madara. Uwarsa ta rungume amarya tana kiranta Masika. Mzee Kisembo ya miƙe da sandarsa, ya dafa kawunan su biyun, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙafar hawan dutse, ya kuma rage musu zafin kai, don na gidaje biyu suka gada.

Wani tsoho daga dangin ango, wanda bai san shi ba, ya matso ya tambayi sunan uban amarya. Dattijon ya dubi surukinsa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafar da ta warke.

"Masereka," ya ce. "Na uku ne ni ma."