Sawu Ba Takalmi a Kwarin Gawo

"Hotuna kuka aiko mana, Malam Almustapha! Mata da jarkoki, famfo yana zuba. Yau na zo, ka ce mini an yi sata?"

"To ni na aiki ɓarayin, Hajiya? Bayan Ruma ne fa, ba Abuja ba."

Sufeto Abdurrahim bai raba su ba. Zaman ofishin 'yan sanda na Batsari ya koya masa cewa mai fushi yakan faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

Hajiya Safiyyatu wakiliyar gidauniyar da ta ɗauki nauyin haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen Kwarin Gawo ce. Almustapha kuwa shi ne shugaban ƙungiyar da ta yi aikin. Ta zo ne ta gani da idonta. In ta gamsu, gidauniya za ta ci gaba da haƙa wa sauran ƙauyuka har zuwa Safana. Ana gobe za ta iso, farantan sola da ke tura ruwa cikin tanki suka ɓace.

"Yaushe rabonka da wurin?" in ji Sufeto.

"Tun kafin damina, Yallaɓai."

"Wa kake zargi?"

"Wa kuwa? Mutanen daji."

Ya faɗa da sauri, kamar wanda ya kwana yana bitar amsar.

Sufeto ya ce su jira shi. Ya hau acaba shi kaɗai zuwa Kwarin Gawo.

Hanyar ta bi ta gonakin gero, ta wuce gidajen da ba rufi, bangonsu baƙi. Da tankin ya bayyana, ɗan acaba ya kashe inji tun da sauran tafiya. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi.

"Mai ya ƙare?"

"A'a, Yallaɓai. Nan muke tsayawa."

Sufeto ya sauka.

Wurin shiru. Ko akuya babu. Ya saba ganin bakin famfo da caɓi da sawun shanu da ɓaraguzan roba. Wannan kuwa ciyawa ta rufe shi har gindin siminti. Farantan ba su daɗe da ɓacewa ba, amma wannan ciyawa ba ta jiya ba ce.

Ya ɗaga kai. Ba a sare waya ba. An kwance ta, an naɗe bakinta da salatif. Notinan da suka riƙe farantan suna jere a kan ƙarfe, ko ɗaya bai faɗi ba.

An yi ruwa kwanan baya, ƙasa ta riƙe komai. Ga sawun tayar mota a bakin hanya. Daga nan sawun takalmi sau-ciki, yana tafe har gefen filin. A nan ya yanke. Daga nan zuwa tanki sawun ƙafa ne zalla, dunduniya sumul, ba faso.

Sufeto ya daɗe a tsaye. Ɓarawon da ya tuɓe takalmi kafin ya yi sata. Ya juya ya nufi cikin gari.

Mai unguwa Mani ya tarbe shi a ƙofar zaure, aka yi gaisuwa har ta gaji.

"Kuna shan ruwan famfon nan, Baba?"

"Ranka shi daɗe, sosai. Allah ya saka wa masu taimako."

"Ta ina kuke bi ku je? Ban ga hanya ba."

Mai unguwa ya dubi carbinsa.

Wata tsohuwa ce ta shigo ta gefen zauren, ɗauke da tulu, zaninta jiƙe da lakar rafi. Inno ake ce mata. Ta sauke tulun, ruwan ciki ja wur.

"Mani, har yaushe?" Ta juyo ga Sufeto. "Ɗan nan, kai za ka iya shan ruwan da ya bi ta ƙirjin ɗanka?"

A hankali maganar ta fito. Ranar da mutanen daji suka shigo, ba wanda ya iya kai gawa maƙabarta, don tana bakin daji. A filin nan aka haƙa, aka yi musu sallah a tsaitsaye, aka rufe, kowa ya gudu Batsari. Damina ta baje kaburburan. Garin yana kango masu haƙa suka zo da injinsu. Da mutane suka dawo, sai ga tanki a kan mamatansu.

"Muntasir ɗina yana gabas da famfon," in ji Inno. "Ko ƙarƙashinsa. Ban sani ba yanzu."

"Hotunan fa?"

"Cewa aka yi mu riƙe jarkoki mu yi dariya, kada masu kuɗi su yi fushi su hana maƙwabtanmu. Muka yi. Da suka tafi muka yayyafa wa mamatanmu ruwan."

"Wa ya kwance farantan, Inno?"

"Ban ga kowa ba."

Ta ɗauki tulunta. Sufeto ya san ta gani. Ya san duk garin sun gani, sun kuma gode a zuci.

Da la'asar ya dawo da su biyun a motar ƙungiya. A hanya ya tambayi Almustapha ko akwai wani abu game da filin da ya kamata ya sani.

"Fili ne kawai, Yallaɓai. Gidauniya ce ma ta amince da shi a taswira."

"Ku kuka kawo mana shi," in ji Hajiya.

Suka sauka. Sufeto ya yi kamar yana amsa waya, ya ja baya. Hajiya ta nufi tankin kai tsaye, takalmanta suna nutsewa cikin ciyawa. Almustapha ya bi ta har gefen filin. A nan ya tsaya cak, daidai inda sawun takalmi ya yanke.

Ta ƙara taku. Ta ƙara.

"Hajiya, tsaya! Kada ki taka nan!"

Ta waigo. "Me zan taka?"

Ƙafar Almustapha ɗaya ta riga ta fita daga takalmi, bai ma sani ba. Dunduniyar sumul.

"Fili ne kawai, ko?" in ji Sufeto.

Almustapha ya durƙusa a wurin.

"Farantan suna sitonmu na Batsari, Yallaɓai. Ko ɗaya ban sayar ba." Ya dubi ciyawar. "Wallahi ban sani ba lokacin da muka haƙa. Daga baya Mai unguwa ya gaya mini. Tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. In na rufe ido ƙarar injin nake ji yana shiga ƙasa."

"Me ya sa ba ka gaya mana ba?" Hajiya ta fito daga filin a hankali, takalmanta a hannu.

"In rubuta me? Na haƙa rijiya a kan gawa, ba mai sha? Ku fa labarin nasara kuke so. Duk wata, ina hoto, ina adadi. Na ce in an yi sata, laifin daji ne, ba wanda zai tambayi me ya sa ciyawa ta fito. Sauran ƙauyukan su samu nasu."

"Da ka faɗa, da mun sake wuri."

"Kin taɓa zuwa kafin yau, Hajiya?"

Ta dubi takalman da ke hannunta.

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya dafa kafaɗarsa. "Ka kai rahoton ƙarya, ka kwashe kayan jama'a. Tashi mu je."

Almustapha ya miƙe. Ya juya ga filin ya yi wa mamatan sallama, sannan ya ɗauki takalmansa ya nufi mota, bai sa su ba.

Mutanen gari sun taru a bakin hanya. Inno tana gaba. Ba ta dubi wanda aka kama ba. Tankin take kallo, da inuwarsa da ta kwanta a kan ciyawa.

Hajiya ta matsa kusa da ita. "Inno, ki yi haƙuri. Zan rubuta gaskiya. Za mu haƙa muku wata a inda kuka zaɓa."

"Allah ya yarda, 'yar nan."

Direba ya tada mota. Sufeto ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya ji muryar tsohuwar a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Shi bututun da ke cikin ƙasa fa, wa zai cire musu shi?"