Baƙin da Suka Taso Daga Tafkin da Aka Cike

Da magariba abin ya fara. Umma tana kwashe shanya a tsakar gida sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, tim. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Da na biyu ya mirgino gabanta, ta duƙa ta taɓa. Curin laka ne, jiƙe sharkaf, yana warin ruwan da ya daɗe a kwance. Alhali rabon garin da ruwan sama har an fara mantawa.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Mai Taswira, shi ne shugaban sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma. Shekarun baya shi ya zana filayen da aka yanka a kan tsohon tafkin bayan unguwarsu, bayan an cike shi da ƙasa da shara. Daga baya damina ta sake hali. Sai ta yi ta jinkiri, sannan ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya, ruwan ya rasa makwanci. Duk zaman majalisa Mai Taswira yakan nemi a duba sauyin yanayi kafin a amince da kowane gini, a kuma buɗe wa ruwa hanya. To amma a majalisar, irin wannan batu ƙarshe ake ajiye shi, bayan tashar mota da rabon rumfunan kasuwa. Kafin a iso kansa an kira la'asar, kansiloli sun zura takalmansu. Har laƙabi suka sa masa, wai mai gadin gajimare.

Jifa ya ci gaba kullum da faɗuwar rana. Sai kuma muryoyi, ƙasa-ƙasa, kamar taron baƙi suna neman wurin zama. Sannan abin ya koma kan Auta, 'yarsu. Ta daina magana. Umma takan same ta tsugune a bakin magudanar tsakar gida tana tonon siminti da farce, yatsunta na jini. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Mai Taswira ya yi ta kawo dalilai irin na 'yan boko, har ranar da Umma ta ce masa, ba tare da ta ɗaga murya ba, taswira ba za ta tashi yarinyar nan ba.

Malamin da aka kira dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna nesa kaɗan da Auta, ya gargaɗi iyayenta cewa ba a yi wa waɗannan bayin Allah alkawarin ƙarya. Ya fara karatu. Rana na sunkuyawa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf.

"Ya isa, Malam, kana ƙona mu. Mu ba faɗa muka zo ba."

Malam ya tambaye ta su wane ne, kuma me yarinya ta yi musu. Muryar ta ce yarinya ba ta yi komai ba. Su mazauna tafkin nan ne tun kaka da kakanni. Da aka cike shi suka nufi wasu tafkunan, suka tarar duk sun ƙafe, kurmin da suka sani an sare. Shi ya sa suka biyo hannun da ya ja layin filayen a taswira.

Ta ce a mayar musu da tafkinsu. Malam ya ce akwai gidaje a kai, da mata da jarirai. Ta ce to a buɗe wa ruwa hanya. Mai Taswira ya ce, da kyar, wannan ba a hannunsa yake ba.

"To ka sa maganar a farkon zaman majalisa. Zama ɗaya tak. Ka yi alkawari mu tafi."

Umma ta dubi mijinta. Ta san shugaban majalisa ne ke jera batutuwa, ta kuma san ya sani. A ranta ta roƙe shi ya yi ƙaryar, ko me zai biyo baya.

"Zan roƙa," in ji shi.

Tsohuwar ta yi dariya marar daɗi. "Roƙo kake yi shekara da shekaru, bawan Allah. Muna bayan kujerarka muna ji." Sannan ta ce, "Za mu sakar muku 'yarku, ba sai an biya mu ba. Gidan nan ma ba wurin zama ba ne. Mu mun san inda ruwa zai kwana bana."

Auta ta yi atishawa, ta sulale, ta kira uwarta.

Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Mai Taswira ya roƙa, kamar yadda ya faɗa. Shugaba ya dafa kafaɗarsa, ya tambayi jikin yarinya, ya ce a bari sai tsarin baɗi. Neman wani gida kuwa, duk inda ƙarfinsu ya kai, a cikin kwarin da ruwa ke bi yake, kamar nasu.

Ranar da hadari ya fara haɗowa daga gabas, Umma ta tuna maganar tsohuwar kan ruwan bana, ta aro tsani a wurin kafinta ta jingina a bango. Ta kira Auta ta ce ta hau rufi. Yarinyar ta hau a hankali, ta sauko tana dariya, ta tambaya wannan kuma wane irin wasa ne.

"Sake hawa," in ji Umma. "Da sauri wannan karon."