Man Giyar Motar Amarya

Ana saura kwana biyu ɗaurin aurena da Elizabeth, abokina Callistus mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ya ara mini motar da za a ɗauko amarya zuwa coci. Tsohuwar 'yar Beljiyam ce mai sa giya da kanta, fentinta na ƙyalli. Ni bakanike ne, kuma na riga na cika wa dangin Elizabeth baki cewa 'yarsu ba za ta shiga motar haya ba ranar aurenta.

"Sati, motar nan lafiya lau take," in ji Callistus, yana miƙo mini makulli ba tare da ya kalle ni ba. "Sai dai tana ɗan fizga, ƙarami ƙarami. Kai ne likita."

Da yamma liƙis na fito da ita daga unguwar PZ na kama hanyar Samaru don in ji ciwonta da kaina. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu sai ta yi jim, injin ya yi kuka, sannan ta fizge ni gaba har haƙorana suka haɗu. Ƙarami ƙarami ke nan a bakin Callistus! Amarya ta zauna cikin wannan, ai kafin a kai coci gwaggwaronta ya koma ƙeya.

Na gangara gefen titi kusa da wata gonar masara, na bar injin a kunne, na ɗaga bonet. Mai gyaran giya da duba mai yake farawa. In ya yi ƙasa, mota ta fizga. In ya ƙone, ya yi baƙi yana ƙauri. In ya yi yawa, ya yi kumfa, ta fizga ɗin dai. Na zaro geji, sandar awon man, na goge, na mayar, na sake zarowa. Man ya haura alama da kusan ɗan yatsa.

Na ji sanyi a raina, don wannan ƙaramin aiki ne. Amma da na murza man a yatsu na kai hanci, sai na ja da baya. Man giya ja ne, da ɗan ƙamshinsa. Wannan kuwa launinsa ruwan ƙasa ne, ga yauƙi, yana ɗoyi irin na kwatar da aka jefa mushe damina ta rufe shi.

Na tofar da yawu, na zagi duk wanda ya zuba shi. Na ɗauko siririn tiyo da galan a but ɗin motar, na zura tiyon ta ramin geji, na kama ɗayan bakin da leɓe na zuƙa, yadda kowane bakanike ke rage mai.

Ya taho da ɗumi. Ɗumin jikin mutum, ba zafin inji ba. Kafin in cire baki ya taɓa mini harshe, da wani abu mai santsi a ciki. Na tofar a tafin hannu. Gansakuka ce, da silin gashi mai tsawo a naɗe da ita.

Na yi kakarin amai har hawaye. Na sa bakin tiyon cikin galan, da ya kusa cika na zare tiyon na duba geji. Man yana nan inda yake.

Gari ya fara duhu. Hanyar ta yi tsit, ko ɗan acaɓa babu. Kwaɗi sun yi shiru. Da mai hankali ne, da ya rufe bonet ya tafi. Ni kuwa na tuna fuskar surukata, na mayar da tiyo ramin geji, na sa baki.

Na zuƙa.

Aka zuƙo daga can.

Tiyon ya manne da leɓena. Na ja, ya ƙi. Iskar ƙirjina ta fara fita, ana shanye ta a hankali, da haɗama.

Daga cikin giyar na ji ɓulɓul. Sai shessheka. Sai murya ƙasa ƙasa, kamar ta wanda bakinsa ke cike da ruwa.

"Ƙara... ƙara mini..."

Haƙarƙarina ya lotsa. Ɗoyin nan ya cika mini kai, idona ya fara rufewa.

Na laluba aljihu. Filaya.

Na datse tiyon.

Guntun da ya rage ya sulale cikin ramin geji, fit, kamar an haɗiye taliya.

Da gudu na isa Samaru, ban waiwaya ba. Washegari na shaƙe wuyan rigar Callistus a ƙofar shagonsa.

"Daga ina giyar nan?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Giyar wata mota ce da ta faɗa rafi da damina. An daɗe kafin a ciro ta." Ya kawar da ido. "Da mai ita a ciki. Amma na wanke giyar, Sati, na rantse na wanke."

Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba. Na sake shi, na goge hannuna a wando.

A motar haya aka kawo Elizabeth coci, surukata tana harare na har aka tashi. Wannan bai dame ni ba. Na wanke baki da gishiri, da toka, da gawayi, warin ya ragu amma bai tafi ba.

Bayan mako guda da biki, da asuba, na farka na tarar da Elizabeth zaune a bakin gado, ta toshe hanci da gefen zane, ɗayan hannun a kan ƙirjina.

"Maigida," ta ce, "in kana barci numfashinka tsayawa yake, sai ya fizga. Na saurara da kyau. Kai kana ja sau ɗaya, wani yana ja bayanka."