Ranar da Aka Ɗaure Famfo

A shekarar da zafi ya kai kwalta na kama takalmi, ruwan famfo sau biyu yake zuwa a mako, kuma kafin ka cika tanki ya ɗauke. Uwar gidan nan kuwa mace ce mai tattali, har maƙwabta suka laƙaba mata Mai Awo. Ruwan ɗauraya shi ake goge ɗaki da shi, na wanke kayan miya ya tafi gindin tumatir, na alwala a tare shi a roba. Kofin shan ruwa ma sai da ta ja masa layi da jan farce, kowa ya sha iyakar layi.

Mijinta mai gyaran famfo ne. Ya gyara na kowa a unguwa ban da na kusurwar tsakar gidansa, wanda ke ɗiga daga tanki tun kafin a haifi 'yarsu Auta, yau shekara goma sha bakwai ke nan. Da ta gaji da jin "gobe", sai ta yanko robar tayar keke ta naɗe bakin famfon tamau. Ɗigo ya tsaya, danshin kusurwar ya bushe, ranta ya yi fari.

Rana ta huɗu da ɗaure famfon, gab da magariba, tana kwashe shanya, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai. Babu iska, babu yara a layi, ko tsuntsu ba ya motsi. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban ƙafarta. Ta ɗauka, ta saki da sauri, domin zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi. Sai kuma ta ji ɗigo daga kusurwa, ɗis, ɗis. Ta je ta shafa robar, a bushe take ƙamas.

Auta na zaune a tabarma da littafinta. Ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Ta kawo mata iyakar layi. Yarinyar ta kai baki, ruwan ya dawo ta gefen leɓe ya jiƙa mata riga. Ta sake gwadawa, ya sake dawowa. Maƙogwaron ya ƙi karɓa.

Kwana biyu aka yi a haka. Likita ya duba bai ga ciwo ba, ya sa mata ƙarin ruwa, amma kafin su iso gida leɓenta sun sake tsagewa. Kowace magariba duwatsu na sauka, daga kusurwar famfo kuma a riƙa jin wani siririn kuka, irin na yaron da ya yi kuka har murya ta ƙare. Mai Awo ta zauna tana ɗiga wa 'yarta ruwa da auduga, tana kallonsa yana gangarewa a banza. Tsoro ya cika ta, domin ta san kwana nawa mutum ke yi babu ruwa a irin wannan zafi.

Rana ta uku maigidan ya ɗauko wani malami dattijo. Ya iso bayan la'asar, ya zauna gefen tabarma ya soma karatu a hankali. Inuwa ta yi ta tsawo, gidan ya yi tsit. Rana na taɓa katanga, Auta ta tashi zaune. Idanunta a buɗe suke, amma ba ita ke kallo da su ba.

"Wace ce ke?" in ji malam.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya. "Ku tambayi mai robar."

Muryar ta ci gaba.

"Ɗigon nan muke sha, ni da 'ya'yana uku. Ba mu taɓa muku tulu ba, ba mu taɓa tsorata kowa ba. Abin da ya faɗi ƙasa kawai muke lasa. Ta zo ta ɗaure. Rana ta huɗu ƙaramin ya mutu a hannuna."

"Ban sani ba," in ji Mai Awo. "Wallahi ban san da kowa ba."

"Yanzu kin san yadda ake kallon yaro yana bushewa."

Malam ya ce, "Yarinyar nan ba ta ɗaure komai ba. Ki sake ta."

"Nawa me ya ɗaure? A kwance robar in zauna, sai in bar yarinyar."

"Ba za ki zauna ba. Kin riga kin sa hannu a jikin mutum. Akwai rafi bayan gari, can za ki."

Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Jikin Auta ya hau karkarwa, dutse ɗaya ya daki kwano da ƙarfi. Can muryar ta dawo, ta yi laushi.

"Zan tafi. Amma da nisa, ga yara biyu da ba sa iya tsayuwa. A ba mu na hanya."

Malam ya girgiza kai. "Ba a biyan aljani don ya saki mutum."

Mai Awo ta riga ta miƙe. "Allah ya gafarta Malam, ba biya ba ne. Uwa ce za ta yi tafiya da yara."

Malam ya dube ta, bai hana ba. Tanki ya riga ya ƙafe, bokiti ɗaya ya rage a gidan, wanda ta rufe da faranti don girkin gobe. Ta kinkime shi zuwa kusurwa, ta yi bismillah, ta juye shi duka. Ƙasar ta shanye nan take, ko alamar danshi ba ta bari ba.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin mahaifinta. Kukan kusurwa ya ɗauke. Can Auta ta buɗe ido.

"Mama," ta ce da muryarta ta gaske, "ruwa."

Maigidan ya ruga maƙwabta ya aro buta cike. Mai Awo ta ɗauko kofin nan ta soma zubawa. Da ruwan ya kai jan layi, hannunta ya tsaya da kansa, don sabo. Ta dubi layin, ta dubi leɓen 'yarta. Sai ta ci gaba da zubawa har kofin ya cika ya tumbatsa, ruwa na bin yatsunta yana ɗiga ƙasa, ba ta ce a kawo roba a tare ba.

Auta ta kafa kai. Gidan duka ya yi shiru ana sauraron maƙogwaronta yana haɗiya.